Muhawara: Tsimin wutar allo da gwajin direban hoto, a kashe shi ko a bar shi?

Ɗanlami ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan aiki game da wata matsala da ta hana ni amincewa da sakamakon gwaje-gwajena. Ina gwada direban katin hoto, wato manhajar da ke sarrafa katin, a kan kwamfuta mai Linux da X (tsarin da ke nuna tagogi a allo), ina amfani da tarin gwaje-gwajen da ake kira Piglit, kuma saboda yawan gwaje-gwajen nakan bar su suna gudana cikin dare. Idan ina zaune a gaban kwamfutar ina ɗan taɓa linzami ko madannai, komai yana wucewa lami lafiya, amma idan na bar ta ita kaɗai sai in tarar wasu gwaje-gwaje sun faɗi saboda wa'adinsu ya cika ba su gama ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, waɗanda suka faɗi jiya ba lallai su ne za su faɗi yau ba, ga shi kuma ban canza ko layi ɗaya a direban ba. Na duba lokutan da ke cikin kundin bayanai, na ga farkon aikin kullum lafiya yake, sai bayan kimanin minti 10 al'amura suke rikicewa. Ina zargin allon ne yake shiga barci, to amma ban ga dalilin da zai sa barcin allo ya shafi lissafin da katin hoto yake yi ba. Shin zargin nawa yana da tushe?

Malam Tanko ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗanlami. Zarginka yana kan hanya, kuma minti 10 ɗin da ka ambata shi ne babbar shaida, domin daƙiƙa 600 su ne wa'adin da sabar X take zuwa da shi kafin ta duhunta allo idan babu wanda ya taɓa komai. Abin da ke aiki a nan shi ne DPMS, ƙa'idar tsimin wutar allo da ƙungiyar VESA mai tsara ƙa'idojin allo ta fitar a 1993, zamanin manyan alluna masu doro. A lokacin katin hoto yana sanar da allo ya kwanta ne ta hanyar yanke siginar daidaitawa: idan ya yanke ta kwance kawai barci ne mara nauyi, idan ya yanke ta tsaye barcin ya ɗan ƙara nauyi, idan kuwa ya yanke duka biyun to allo ya mutu ke nan sai an tashe shi. A direbobin Linux na zamani an dunƙule waɗannan matakai sun koma biyu, ko dai a kunne ko a kashe.

Amsar tambayarka tana cikin abin da ke faruwa idan aka kashe. Ba fitilar allo kaɗai ake kashewa ba, har ɓangaren katin da ke karanto hoto daga ma'adana, wato ƙwaƙwalwar da kati yake ajiye hoto a ciki, yana tura shi layi-layi zuwa allo ana tsayar da shi. Wannan ɓangaren shi ne yake bayar da sanarwar vblank, wato alamar cewa an gama firam ɗaya (cikakken hoto guda) ana shirin fara na gaba, wadda take zuwa duk bayan kusan daƙiƙa 0.0167 a allon da ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa. Duk manhajar da ke jiran wannan sanarwa kafin ta miƙa sabon firam ta rasa agogonta ke nan. Sabar X ba ta barin manhajar ta maƙale har abada, tana ƙirƙiro mata agogon bogi, sai dai wannan agogon sau ɗaya tak yake bugawa a daƙiƙa. Ka yi lissafi da kanka: gwajin da zai nuna firam 300 yana gamawa cikin daƙiƙa 5 idan allo na kunne, amma sai ya ci minti 5 idan allo ya yi barci. Gwaje-gwajen da suke zane a cikin ma'adana kawai ba sa kai hoto taga babu ruwansu da wannan, shi ya sa ba duka suke faɗuwa ba. Bambancin jiya da yau kuma yana zuwa ne daga waɗanda suka yi sa'ar wucewa kafin allon ya kwanta, da waɗanda suke tsallake wa'adinsu da ƙyar.

Kafin ka fara gwaji ka bayar da umarnin `xset s off` da `xset -dpms`, sannan ka tabbatar da `xset q`. Kada ka tsaya nan, domin GNOME, tsarin fuskar kwamfuta a Linux, yana da nasa agogon na daban mai minti 5, wanda ake kashewa da `gsettings set org.gnome.desktop.session idle-delay 0`. Idan kanel ɗinka, wato zuciyar tsarin Linux, tsoho ne ka ƙara `consoleblank=0` a layin tada shi. Ga gwaje-gwajen da ba su da buƙatar jiran allo, sanya `vblank_mode=0` yana hana direbobin Mesa, wato direbobin zane na Linux, jiran sanarwar gaba ɗaya.

Auta ya rubuta:

Malam Tanko, Allah ya ƙara ilimi. Ni ɗalibi ne a wannan fage, kuma kwamfutata Wayland, sabon tsarin nuna tagogi da ke maye gurbin X, take amfani da shi, inda na ga `xset` ba ya hana allon kwanciya ko kaɗan. Shin matsalar iri ɗaya ce a can, ko kuwa sabon tsarin ya magance ta?

Talatu ta rubuta:

Auta, a Wayland abin yakan fi haka muni. A can manhajar da ke haɗa tagogi ita ce mai iko da allo, kuma ita ce take gaya wa kowace taga cewa lokacin zana sabon firam ya yi. Idan allo ya kwanta tana iya daina aika wannan saƙo kwata-kwata, sai gwajin da ke jiransa ya tsaya cik har sai an kashe shi. Akwai yarjejeniyar da taga take amfani da ita ta roƙi kada a kwantar da allo, amma roƙon yana aiki ne muddin tagar tana bayyane, don haka ya fi dacewa a kashe agogon daga saitin manhajar haɗa tagogin kanta.

Sai dai ina so in ja hankalinmu zuwa wani wuri, domin DPMS shi ne mafi sauƙin kamawa a cikin dangin nan, tunda ko yaro ya shigo zai ga allo ya yi baƙi. Masu wahalar su ne waɗanda suke aiki alhali allon yana haske yana nuna hoto. Babbansu shi ne PSR, dabarar da allo yake sabunta hotonsa da kansa, wanda ya shigo ƙa'idar eDP mai haɗa kati da allon cikin kwamfuta a sigarta ta 1.3 a 2011 saboda allunan kwamfutocin tafi-da-gidanka. Allon da ke da shi yana ɗauke da 'yar ma'adanarsa, idan hoto ya ɗauki ɗan lokaci bai canza ba sai katin hoto ya ce masa ya riƙe firam na ƙarshe ya ci gaba da nuna wa kansa, shi kuma katin ya daina turo komai ya huta. Siga ta 1.4 ta kawo PSR2, inda ake tura yankin da ya canza kawai maimakon dukan hoton. Bayan wannan akwai FBC da ke matse hoton da ke cikin ma'adana don rage yawan karatu, akwai DRRS da ke rage saurin sabunta allo idan babu motsi, akwai kuma matakan DC5 da DC6 a katunan Intel da ke yanke wa sassan nuni wuta. Waɗannan ba sa jiran minti 10, wasunsu bayan 'yan firam kaɗan suke shiga, kuma suna shiga suna fita ba adadi a tsawon gwaji ɗaya. Wanda ya kashe DPMS ya ɗauka ya gama da tsimin wuta, ƙofar waje kawai ya rufe.

Gambo ya rubuta:

Bari in kawo abin da ke faruwa a ɓangaren Windows, tunda can na fi ƙarfi. Umarnin `powercfg /change monitor-timeout-ac 0` yana hana allo kwanciya idan kwamfuta tana jone da wuta, kuma manhajar gwaji tana iya kiran `SetThreadExecutionState` da alamar `ES_DISPLAY_REQUIRED` haɗe da `ES_CONTINUOUS` don ta riƙe allon a farke da kanta. Umarnin `powercfg /requests` yana nuna wa mutum waɗanda suke riƙe da irin wannan buƙata a lokacin. Masu macOS kuma suna da `caffeinate -d`.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne halin wasu alluna masu amfani da wayar DisplayPort. A cikin wayar akwai layin HPD wanda allo yake amfani da shi ya shaida wa kati cewa yana nan. Wasu allunan idan suka shiga barci mai zurfi sai su saki wannan layi, shi kuwa katin hoto ba shi da hanyar bambance allon da ya yi barci da wanda aka zare wayarsa. Nan take tsarin zai ɗauka an cire allo, ya kwashe tagogi ya mayar da su wani wuri, wani lokaci har girmansu ya canza, sai gwajin Vulkan (hanyar da manhaja ke ba kati aikin zane) da ke tsakiyar aiki ya sami amsar `VK_ERROR_OUT_OF_DATE_KHR`. Manhaja mai kyau za ta sake gina abin da take nuna hoto da shi ta ci gaba, amma ƙananan gwaje-gwaje da yawa ba a rubuta su da wannan tunani ba, faɗuwa kawai suke yi. Idan allon ya farka kuma sai an sake karanta bayanansa na EDID, waɗanda allo yake bayyana kansa da su ga kati, an sake tattauna saurin wayar tsakaninsa da kati. Sau da yawa maganin yana cikin madannan allon kansa, inda ake kashe zaɓin barci mai zurfi, abin da babu umarnin da za ka rubuta daga nesa ya yi maka shi.

Ra'ayina a fili yake: kwamfutar gwaji ba wurin tattalin wuta ba ce. A kashe duk abin da za a iya kashewa.

Malam Tanko ya rubuta:

Na goyi bayan Malam Gambo. Abin da nake yi a kwamfutocin gwaji shi ne in rufe waɗannan ƙofofi tun daga layin tada kanel: `i915.enable_psr=0` da `i915.enable_fbc=0` da `i915.enable_dc=0` ga katunan Intel, ga na AMD kuwa `amdgpu.dcdebugmask=0x10` yana hana PSR, `amdgpu.runpm=0` kuma yana hana katin kansa kwanciya. Dalilina shi ne gwajin da yau ya wuce gobe ya faɗi ba tare da an canza komai ba ya fi rashin gwaji illa, domin a hankali mutane za su saba da ganin ja a shafin sakamako, su koyi danna maimaitawa ba tare da sun karanta ba, ranar da aibi na gaske ya bayyana kuma a bi ta kansa a wuce.

Talatu ta rubuta:

Malam Tanko, da girmamawa, a nan ne muka rabu. Waɗannan abubuwan da kake kashewa ba baƙi ba ne da suka shigo suna damun direba, sassan direban ne. Lambar da ke shigar da allo PSR ta fitar da shi, da wadda ke maido da saitin nuni bayan an yanke masa wuta, duk a cikin direban da muke cewa muna gwadawa suke zaune, kuma suna cikin mafi sarƙaƙiyar sassansa. Idan ka kashe su ka gwada sauran, to ka gwada wani direba ne daban wanda babu mai amfani da shi, domin kwamfutar da ke hannun jama'a tana zuwa da su a kunne.

Ga misalin da nake so kowa ya riƙe. A ce allo yana cikin PSR, sai wata manhaja ta rubuta sabon zane kai tsaye a cikin ma'adanar da ake nunawa, ba ta bi ta hanyar musanya firam ba. Wajibi ne direba ya lura da wannan rubutu ya tashi allon daga PSR, in ba haka ba allon zai ci gaba da nuna tsohon hoto. Mai amfani zai ga ya buga haruffa ba su fito ba, sai da ya motsa linzami suka bayyana gaba ɗaya. To ka ɗauki hoton allo da manhaja a wannan lokacin, za ka ga komai daidai, saboda daga ma'adanar kati aka ɗauko shi, ba daga gilashin da mutum yake kallo ba. Tamkar ka duba kwafin wasiƙar da ke aljihunka ne ka yanke hukuncin cewa saƙo ya isa. Gwajin da aka yi da PSR a kashe ba zai taɓa kama wannan ba, wanda aka yi da shi a kunne ma ba zai kama ba idan ma'adana kawai yake dubawa.

Wannan ba zato ba ne. A 2016 an kunna PSR ga kowa a direban Intel mai suna i915 a kan na'urorinsu samfurin Haswell da Broadwell, sannan aka sake kashe shi saboda matsalolin da masu amfani suka riƙa kawo rahotonsu a allunansu. Shi ya sa tarin gwaje-gwajen IGT, masu gwada direbobin nuni na Linux, yake da sassa na musamman irin su `kms_psr` da `kms_frontbuffer_tracking`, kuma a cikin `kms_flip` akwai waɗanda suke kashe allo da gangan a tsakiyar musanya firam don a ga ko direba zai rikice. Akwai ma wani abin lura: IGT yana tantance hoto ne da lambar CRC da kati yake lissafawa a kan kowane firam da ya fita, amma PSR2 yana hana wannan lissafi, har direban i915 yakan ƙi kunna shi muddin ana karɓar CRC. Ma'ana, kayan awon da kansa yana canza abin da ake aunawa, kuma duk wanda bai san da haka ba zai rubuta rahoton cewa ya gwada PSR2 alhali bai taɓa kunnuwa ba.

Ladi ta rubuta:

Na karanta ku duka, kuma ina ganin kowannenku yana magana ne a kan gwaji daban. Malam Tanko yana tunanin gwajin da ke tambayar ko kati ya lissafa launin kowane ɗigo daidai, irin na Piglit ko na Khronos, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin zane irin su Vulkan. Wannan tambaya ba ta da alaƙa da allo, kuma mafi kyawun abin da za a yi mata shi ne a raba ta da allo baki ɗaya, a yi zanen a ma'adana a kwatanta a can. Malama Talatu kuwa tana magana ne a kan hanyar da hoto yake bi daga ma'adana zuwa ido, inda tsimin wuta yake cikin abin da ake gwadawa.

Nawa aikin na awon sauri ne da ingancin launi, kuma a nan matsalar ba ta zuwa da faɗuwar gwaji, lambobi ne kawai suke karkacewa a ɓoye. Katin da ya daɗe yana hutawa yana farawa ne da ƙaramin gudu, sai ya ga nauyin aiki sannan ya ɗaga, don haka firam na farko-farko sukan ja matsakaicin sakamako ƙasa idan ba a zubar da su ba. Idan DRRS ya sauke saurin allo, tazarar da ke tsakanin firam za ta faɗaɗa, mai awo ya ɗora laifin a kan direba. Mafi yaudara a wajena shi ne dabarar rage fitilar bayan allo tare da ƙara wa ɗigogin hoto haske don ido kada ya lura, wadda Intel suke kira DPST, AMD kuma Vari-Bright ko ABM. Idan ka ɗora na'urar awon launi a kan gilashi, toka ɗaya za ta ba ka lamba daban dangane da abin da ke kewaye da ita a hoton, kuma sau da yawa wannan dabara tana kunnuwa ne idan aka koma kan batir. Saboda haka sakamakon da bai faɗi ko kwamfutar tana jone da wuta ko a kan batir take ba, ni ba na kwatanta shi da komai.

Abin da nake nema a wajen kowa shi ne a rubuta halin da aka yi gwajin a ciki. Ko ka kunna ko ka kashe, jerin umarninka ya karanta yanayin kafin a fara da bayan an gama, ya adana shi tare da sakamakon. A katunan Intel fayil ɗin `i915_edp_psr_status` da ke ƙarƙashin `/sys/kernel/debug/dri` yana nuna ko PSR yana aiki, `i915_fbc_status` kuma yana faɗin halin FBC har da dalilin da ya hana shi kunnuwa.

Malam Tanko ya rubuta:

Malama Ladi ta raba gardamar da adalci, kuma ban musa cewa dole a gwada tsimin wuta ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a bar shi yana shiga lokacin da ya ga dama a tsakiyar gwajin da ba nasa ba. Gwaje-gwajen IGT da Malama Talatu ta ambata su ne suke kashe allon da hannunsu a daidai lokacin da suka zaɓa, su jira, su duba, su kunna. Wannan daban yake da agogon GNOME da zai buga a duk inda gwaji ya kai. Ku tuna da mai neman canjin da ya jawo aibi ta hanyar `git bisect`: a cikin canje-canje 1000 matakai kusan 10 kawai yake buƙata, amma kowane mataki yana dogara ne da amsar wanda ya gabace shi. Idan a mataki na uku allo ya yi barci gwaji ya faɗi, zai jefar da rabin da aibin yake ciki, ya ƙare a kan canjin wani bawan Allah da bai ji ba bai gani ba. Don haka a kwamfutar da ke tace kowane sabon canji ina nan a kan bakana, a kashe, sannan a ware wasu kwamfutoci a bar su yadda suke zuwa wa jama'a.

Auta ya rubuta:

Ina da wata 'yar tambaya, ku yi mini afuwa idan ta yi ƙanƙanta. Me zai hana a rubuta ƙaramin umarni da `xdotool` ya riƙa motsa linzami duk bayan minti ɗaya, tunda Malam Ɗanlami ya ce idan yana taɓa shi komai yana tafiya daidai?

Malam Tanko ya rubuta:

Tambayar ba ta yi ƙanƙanta ba, Auta, mutane da yawa haka suke yi. Illarsa ita ce motsin linzami shi ma aiki ne ga direba. Kibiyar tana da nata shimfiɗar a cikin katin hoto, duk motsinta sabuntawa ce da za ta iya fitar da allo daga PSR, kuma a wasu tsare-tsaren tana iya sauya tagar da ke karɓar umarni. Ka ga an cire wani abu da ke kutsowa ba tsari an maye gurbinsa da wani. Tunda akwai saitin da ke kashe agogon kai tsaye, babu dalilin yaudararsa.

Gambo ya rubuta:

Malam Tanko ya ambaci ware kwamfutoci, to bari in faɗi yadda ake kauce wa halin allunan DisplayPort a ɗakin da babu mai zama. Akwai ɗan toshe da ake sokawa a kafar HDMI ko DisplayPort wanda yake yin kamar allo, yana ɗauke da EDID amma ba ya barci. A Linux ana iya tilasta kafa ta zama a kunne da irin `video=DP-1:e`, a ba ta bayanan allo daga fayil da `drm.edid_firmware`. Ga masu hali kuma akwai Chamelium, na'urar da ta fito daga aikin ChromeOS, wadda take kwaikwayon allo, tana iya yin kamar an zare waya an mayar, tana kuma kama hoton da ya iso ta waya.

Talatu ta rubuta:

Duk waɗannan suna da amfani, har da `vkms`, direban nuni na kwaikwayo da ya shiga kanel 4.19 a 2018, wanda yake ba da damar gwada manhajar haɗa tagogi ba tare da kati ba. Sai dai a lura cewa ɗan toshe ba shi da ma'adanar da zai riƙe firam, kuma PSR abu ne na allon ciki mai eDP. Kwamfutocin da Malam Tanko ya yarda a ware dole su haɗa da na tafi-da-gidanka na gaske, masu alluna daga masana'antu daban-daban, domin rabin yarjejeniyar PSR a hannun ƙaramar na'urar da ke cikin allon take, kuma ba duka suke bin ƙa'ida iri ɗaya ba. Direban da ya yi lafiya da allo ɗaya yana iya yin ƙyaftawa a wani.

Ɗanlami ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na bi shawarar Malam Tanko ta `xset` da ta GNOME, kuma faɗuwar da ke biyo bayan minti 10 ta ɓace. Saura abu ɗaya da a da yake ɓoye a cikin hayaniyar. Kwamfutar tana da kati na biyu wanda babu allo a jikinsa, kuma gwajin farko da aka tura masa bayan ya ɗan zauna babu aiki yakan faɗi wani lokaci, na bayansa kuwa su wuce. Da na yi ƙoƙarin duba halinsa da `lspci` kafin gwajin, sai matsalar ta ƙi fitowa. Shin in hana shi barci kamar yadda aka yi wa allon?

Talatu ta rubuta:

Malam Ɗanlami, kada ka yi gaggawar rufe wannan, domin da alama ka kama aibi na gaske. Katin da babu allo a jikinsa kanel yana kwantar da shi bayan ɗan jinkiri, a direbobi irin su amdgpu da nouveau daƙiƙa 5 ne, kuma a kwamfutocin tafi-da-gidanka ana iya yanke masa wuta gaba ɗaya. Idan aiki ya zo dole direba ya tashe shi, ya maido masa da duk saitinsa, sannan ya miƙa masa aikin. Gwajin farko da ke faɗuwa yana nuna wani abu a wannan hanyar bai kammala ba kafin aikin ya iso. Dalilin da ya sa `lspci` ya kore matsalar shi ne karanta bayanan katin yana iya tashinsa, haka ma wasu manhajojin duba zafi, don haka ka rufe su kafin ka fara.

Ka shiga babban fayil ɗin katin a ƙarƙashin `/sys/bus/pci/devices`, ka karanta `power/runtime_status`, wanda karanta shi ba ya tashin katin. Ka jira har ya nuna `suspended`, sannan ka tura gwajin nan guda ɗaya, ka maimaita sau da yawa kana ƙirga faɗuwa. Daga nan ka rubuta `on` a cikin `power/control` ka sake maimaitawa daidai adadin farko. Idan faɗuwar tana zuwa a zagayen farko kawai, ka sami hanyar fito da aibin duk lokacin da ka so, wadda ita ce abin da masu gyaran direba suka fi buƙata. Ka tada kanel da `drm.debug=0x1e` da `log_buf_len=4M` don kada farkon bayanan ya goge, ka haɗa saƙonnin kanel da `dmesg` ya fitar tun daga tashin kwamfuta, da sigar kanel da ta Mesa, da sunan gwajin, da sakamakon zagayen biyu, ka kai rahoto wurin masu kula da direban a freedesktop.org. Kafin a gyara kana iya barin `on` a kwamfutar da ke aikin dare, amma ka mayar da shi `auto` duk lokacin da aka turo maka gyara don gwadawa.